Wai gem yana tuna abin da ka aikata a kashi na ɗaya?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Samaru. Na buga Mass Effect na ɗaya da na biyu a laftof ɗina, kusan zango guda ina fama. Sai laftof ɗin ta samu matsala na kai gyara, mai gyara ya yi mata fomat, sebin ɗina duk ya tafi. Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne abokin zamana a ɗaki. Shi ya kashe sarauniyar rachni, halittun nan masu kama da ƙwari, a na ɗaya, amma da ya kai na uku sai ga wata sarauniyar a gabansa, kamar bai yi komai ba. To wai yaya gem yake sanin abin da mutum ya zaɓa a baya? Kuma in dai ƙarshenta wuri ɗaya za a je, akwai amfanin in sake tun daga farko, ko in fara na uku kawai?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya mayar da alheri, na san zafin wannan rashin. Na daɗe ina riƙe da shagon gem a Sabon Gari, ina kuma ɗan taɓa rubuta manhaja a gefe, kuma na ga ƙato da gemunsa ya zabga tagumi saboda memori kad ta cinye masa aikin wata uku. Tambaya uku ka ɗaure da igiya ɗaya: ta yaya kashi na gaba yake sanin abin da ka yi a baya, me ya sa wani zaɓin yake tashi a tutar babu, sannan kai me ya kamata ka yi yanzu. Zan fasa ƙwai a kan labarin wasu wasanni, don haka wanda bai buga ba kuma ba ya so a ɓata masa, ya tsaya daga nan.

Abin da ke cikin sebin

Mutane da yawa sun ɗauka gem yana riƙe labarinka ne kamar yadda kai ka riƙe shi a ka. Ba haka ba ne. Abin da muke kira sebin, wato fayil ɗin ajiya, dogon jeri ne na tambayoyi masu lamba, kowace da gajeriyar amsarta. Yawancinsu i ko a'a ne. Wrex, abokin tafiyarka ɗan ƙabilar krogan, yana raye? I. An saki sarauniyar rachni? A'a. Wasu kuma adadi ne, kamar matakin da Kwamanda Shepard, jarumin wasan, ya kai ko kuɗin da ke hannunsa. Masu rubuta manhaja suna kiran irin wannan alama tuta, domin ko dai a ɗage take ko a sauke. Duk zufar da ka yi a Noveria kana jinjina ko ka saki sarauniyar nan ko ka hallaka ta, a cikin fayil ba ta wuce 1 ko 0 ba.

Ka ɗauke shi kamar katin asibiti. Likitan da ka tarar yau bai taɓa ganinka ba, bai san wahalar da ka sha bara ba, abin da aka rubuta a kati kaɗai ya sani. A katin ma ba kowane layi zai duba ba, sai wanda ya shafi abin da ya kawo ka. Idan ka gama Mass Effect na ɗaya, wanda ya fito a 2007, wasan yana rubuta wani fayil na kammalawa. Shi na biyu yake nema, ya buɗe, ya kwashe tutocin zuwa nasa kundin. Daga nan sai inda marubuta suka sa sharaɗi: in tuta kaza a ɗage take a nuna wannan fage, in a sauke take a nuna wancan. Inda ba su sa sharaɗin ba, tutar tana nan kwance ba ta tsinana komai. Kafin na uku ya fito a 2012, BioWare, masu wasan, ta ce zai ɗauko abubuwa sama da 1,000 daga wasannin baya. An ɗauko su kam, amma da yawa ƙarshensu saƙo ne a kwamfutar jirgin Normandy, wani da ka taɓa taimaka wa yana gode maka cikin layi huɗu.

Tutar ma takan karkace. Akwai wani Conrad Verner, masoyin Shepard mai naci, da ake haɗuwa da shi a Citadel, tashar sararin samaniya inda majalisa take zama. A fitowar farko ta kashi na biyu, ko da lallashi ka rabu da shi a na ɗaya, sai ya zo yana cewa ka ɗora masa bindiga a fuska, saboda kuskure wajen karanta tutarsa. Da aka zo na uku sai marubuta suka mai da abin raha, suka sa shi ya ba da haƙuri a kan ƙazafin da ya yi maka.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wizardry na biyu, a 1982, da jaruman da ka raina a na farko ake buga shi. Quest for Glory ya bar mutum ya ja jarumi ɗaya tun daga 1989 har kashi na biyar a 1998. Suikoden II yakan leƙa memori kad ɗin PlayStation, in ya ga sebin na farko sai ya ba ka damar samun tsohon jarumin. Golden Sun a Game Boy Advance kuwa, in ba ka da wayar haɗa na'ura biyu, kalmar sirri yake ba ka, mafi tsawonta harafi 260, ka kwafa a takarda ka shigar da hannu a kashi na biyu. Harafi ɗaya ya kuskure, ka koma nema. Sai dai a wancan zamanin ƙarfi da kaya aka fi ɗaukowa. Ɗauko hukuncin da ka yanke a cikin labari, a gina wani labarin a kansa, shi ne abin da BioWare ta yi suna da shi, kuma shi ne mai tsada.

Inda lissafi yake karya marubuci

Na taɓa gwada abin da kaina, shi ya sa na daina zagin masu yin gem. Na rubuta wani ɗan wasan labari da Ren'Py, a kan yaron shago a kasuwar Sabon Gari da maigidansa ya bar masa amana ya tafi aikin Hajji. Rubutu ne kawai da hotuna marasa motsi, babu murya. Na sa manyan zaɓi goma, kowanne hanya biyu: ya ba da bashi ko ya hana, ya tona asirin abokin aikinsa ko ya rufa, da makamantansu. Ɗaukar tutocin zuwa kashi na biyu bai ci mini yini guda ba, don manhajar tana da hanyar yin haka a shirye. Da na zauna rubuta labarin ne ido ya raina fata. Zaɓi goma masu hanya bibbiyu suna haifar da yanayi 1,024. In ka mai da su ashirin, ka haura miliyan ɗaya. Ni kaɗai, da dare bayan na rufe shago, ga inji yana shan mai. Ƙarshenta uku na ɗauka da gaske, sauran bakwai na sallame su da jimla ɗaiɗai a bakin mai shayi.

Ban taɓa aiki a babban kamfanin gem ba, ma'aunina wannan ɗan aikin ne da fayilolin da na buɗe na duba, amma lissafin ɗaya ne, sai dai nasu ya fi ciwo. Kowane reshe yana son marubuci, mai zane, mai motsa hoto, ɗan wasan murya, da mai gwaji da zai bi ya tabbatar bai karye ba. Shepard kaɗai murya biyu gare shi, Mark Meer na namiji, Jennifer Hale ta mace, don haka kowace jimla tasa sau biyu ake ɗauka. Ga kuma wanda ya sayi na uku bai taɓa ganin na ɗaya ba, shi ma kuɗinsa ya biya, dole labari ya tsaya masa da ƙafafunsa. Babu kamfanin da zai gina gari guda sukutum alhali ya san rabin masu wasa ba za su taka shi ba saboda abin da suka yi shekara biyar baya.

To sai dabaru. Wadda abokinka ya ci karo da ita ita ce ta kujera ɗaya, mazauni daban. Ka san yadda ake yi a fim mai dogon zango idan jarumi ya bar shiri: sai a wayi gari wani ƙaninsa ya dawo daga tafiya ya gaji matsayinsa, labari ya ci gaba. In Wrex ya mutu a Virmire, ɗan'uwansa Wreav ne yake kan karagar krogan. In Mordin, masanin kimiyyar jirginka, ya mutu a ƙarshen na biyu, wani Padok Wiks ne yake yin aikinsa a na uku. In ka kashe sarauniyar rachni, sai Reapers, abokan gaban da ake yaƙa, su ƙera tasu ta jabu su ajiye a kogon. An riga an kashe kuɗi an gina kogon, dole kowa ya shiga. Amma ka gaya wa abokinka kada ya yi saurin cewa bai yi komai ba. Sarauniyar gaske in ka sake ceto ta tana riƙe alkawari, ta ba ka ma'aikata. Ta jabun in ka tausaya mata ka sake ta, daga baya takan juya ta yi maka ɓarna, ƙarfin yaƙinka ya ragu. Fuska ɗaya ce, hali ya bambanta.

Wani lokacin kuma hanyoyin ake tarawa a mahaɗa ɗaya, kamar Kwangila: ko daga Samaru ka taso, ko daga hanyar Kano, ko ta Kaduna, nan za ku gamu. Ka zaɓi Anderson ya wakilci 'yan Adam a majalisa a ƙarshen na ɗaya, ka zo na uku ka tarar Udina ne a kujerar, an ce Anderson ya ajiye ya koma soja. Wasu guduwa suke yi gaba ɗaya. Dragon Age yana canza jarumi a kowane kashi. Mass Effect: Andromeda na 2017 ya kwashi mutanensa tafiyar shekara 600 zuwa wata duniyar taurari, inda babu mai tambayar yadda na uku ya ƙare. Akwai kuma masu ƙarfin hali da suke take zaɓinka kawai. Kana iya kashe Leliana a Dragon Age: Origins na 2009, amma ga ta nan da ranta a na biyu da Inquisition, sai can a ƙarshe aka nemo wani bayani aka lulluɓe. Baldur's Gate II na 2000 yana farawa ne a kan cewa da Imoen, Jaheira, Khalid, Minsc da Dynaheir ka yi tafiya, ko da kuwa a naka wasan ba ka taɓa ɗaukar su ba. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Daggerfall na 1996, mai ƙarshe iri-iri masu karo da juna. Da aka zo ci gaba sai aka ce lokaci ne ya tsage, duk sun faru a tare. Wannan ko a tatsuniya sai gizo.

Inda abin yake biyan wahala

Da a nan maganar ta tsaya da na ce maka fara na uku ka huta. Amma akwai wuraren da aka yi aikin da gaske, kuma a ganina babu kamar Tuchanka, duniyar krogan, a Mass Effect 3. Abin da ya sa ya yi daɗi shi ne ba tuta ɗaya aka duba ba, an saƙa uku ne ko huɗu daga wasanni biyu.

Ga yadda yake. An daɗe da sa wa krogan wata cuta da ta hana su haihuwa sosai, yanzu ana son warkar da su don su shiga yaƙi. Shugabar salarian, ƙabilar da ta ƙirƙiro cutar, ta kira ka a ɓoye ta ce ka lalata maganin, ita kuma ta ba ka rundunarta. Nauyin wannan tayin ya danganta da abin da ka shuka. In Wrex ne sarki, abokinka ne, mai hangen nesa, warkar da mutanensa abu ne da hankali zai kwanta da shi, kuma in ka ci amanarsa sai ya gano, ya biyo ka har Citadel, a rabu da gawa. In Wreav ne, mai son ramuwar gayya, to maganar shugabar salarian ta fara kama hankali, kuma shi ba zai taɓa ganewa ba. Sannan akwai Eve, macen krogan da za ta iya taka wa sarki burki. Rayuwarta tana rataye ne a kan wani ƙaramin zaɓi a na biyu: bayanan binciken maganin cutar na Maelon, tsohon ɗalibin Mordin, waɗanda aka samo ta hanyar zalunci, ka adana ko ka goge? In ka goge don ƙyamar yadda aka same su, Eve ba za ta rayu ba. Shi kansa Mordin hanya ɗaya ce tak yake tsira: sai in Wreav ne sarki, Eve kuma ta mutu, sannan za ka iya shawo kansa ya fasa sakin maganin, aikin da yake rasa ransa a kai. Wato kafin ka ceci wannan abokin, sai ka riga ka yi asarar wasu biyu. Na ga yara biyu a shagona sun kusa ba hammata iska a kan wannan fage, kowa yana rantsuwa ɗayan ƙarya yake yi, alhali duk gaskiya suka faɗa, katinsu ne ya bambanta.

Haka Rannoch, duniyar da ƙabilar quarian suke yaƙi a kanta da geth, mutum-mutumin da suka ƙera. Sulhu tsakanin quarian da geth ba ya yiwuwa sai abokan tafiyarka Tali 'yar quarian da Legion ɗan geth duk sun fito da rai daga na biyu, ga wasu sharuɗɗa a kai. Wanda ya fara daga na uku wannan ƙofar a rufe take gare shi, dole ya zaɓi al'ummar da za ta halaka, kuma ba zai ma san akwai ƙofar ba.

Ƙarshen na uku kam ya jawo surutu a 2012, don mutane sun ga duk abin da suka tara ya ƙare a zaɓi uku masu kama da juna, har kamfanin ya fitar da ƙarin bayani kyauta a watan Yuni na shekarar. Ina cikin waɗanda suka ji haushi. Amma da na sake bugawa sai na lura hisabin ba a minti goma na ƙarshe aka yi shi ba, an yi ta yin sa ne a hanya, a Tuchanka da Rannoch.

Idan fayil ya ɓata ko na'ura ta canza

Ba kai ne farkon wanda ya rasa katinsa ba, kamfanonin ma sun san da haka. Lokacin da Mass Effect 2 ya zo PlayStation 3 a 2011, na ɗaya bai riga ya zo na'urar ba, sai aka yi wani ɗan labarin zane mai suna Genesis, ka kalla ka yanke manyan hukunci shida cikin 'yan mintuna. The Witcher 3 na 2015 ya fi burge ni. The Witcher 2 bai taɓa fitowa a PlayStation ba, don haka aka sa Geralt, jarumin wasan, a fadar Vizima ana yi masa aski, wani janar, Morvran Voorhis, yana yi masa tambayoyi biyar a kan abin da ya wuce, amsarka ita ce tarihinka. Biyar kacal, kuma wadda ta fi tasiri ita ce ko Letho, abokin karawarka a na biyu, yana raye, don in yana raye za ka gamu da shi har ya taya ka yaƙi a Kaer Morhen. Wanda ya bi Iorveth a na biyu kuwa haƙuri zai yi, mutumin ko leƙowa bai yi ba. Dragon Age: Inquisition na 2014 ya koma sabon inji da sababbin na'urori, sai aka buɗe shafin intanet, Dragon Age Keep, ka shiga ka cike zaɓi wajen 300 da hannunka. Ga mu nan da muke lissafin data wannan ƙarin wahala ne, kuma duk abin da ke zaune a sabar wani, ranar da ya rufe ta ya tafi. Da The Veilguard ya fito a 2024, zaɓi uku kawai ya tambaya daga baya. Daga 300 zuwa uku, kai ma ka ga inda lissafin nan ya kai su.

Yanzu kai. Fara duba ko ta Steam ko manhajar EA ka sayi wasan, don mai yiwuwa akwai kwafin sebin ɗinka a can, kana shiga asusunka ya sauko. In ba haka ba ne, kuma an riga an ɗora sabuwar Windows kana ta amfani da laftof ɗin, kada ka kashe kuɗi wajen masu cewa za su dawo da shi, da wuya a samu fayil ɗin lafiya.

Kada ka fara na uku haka siddan. Tarihin da wasan yake ba wanda ya zo hannu rabbana na marowaci ne. A na biyu ma, in ba ka kawo fayil ba, ana ɗauka Wrex ya mutu, sarauniya ta mutu, majalisa ta halaka. Akwai manhajojin gyara sebin, irin su Trilogy Save Editor, da za ka ɗaga tutocin da hannunka, akwai kuma masu sauko da sebin wani daga intanet. Suna aiki, na yi wa mutane, amma ka kula da inda kake saukowa saboda bairos, kuma ni ban cika son su ba. Mutuwar Mordin tana taɓa mutum ne don ya yi awa talatin yana jin surutunsa a ɗakin gwaji, ba don wata tuta tana kan 1 ba. Kai da ka riga ka yi zaman nan da su, gyaran fayil ba laifi ba ne, tunda abin da ka aikata kake mayarwa.

In ni ne kai, kuma ina da Legendary Edition na 2021 wanda ya haɗa ukun wuri ɗaya da Genesis a ciki, zan tsallake na ɗaya ta hanyar labarin zanen, in sake buga na biyu cikakke, domin yawancin abin da na uku yake dubawa da gaske daga can yake. Ka yi wa kowane abokin tafiya aikinsa na amana, ka sayi gyaran jirgi guda uku, sulke da garkuwa da bindiga, kuma idan aka sace ma'aikatan Normandy kada ka tsaya yawo, bi su nan take. Ka kuma tabbata Shepard ya fito da rai, don in ya mutu a ƙarshen na biyu, na uku ba ya karɓar wannan fayil ɗin sam. Amma ka bari sai an gama jarrabawa, kada Baba ya zo Sabon Gari nemana.

Ranar da ka gama, kafin ka kashe laftof, shiga Documents, za ka ga folda mai suna BioWare. Kwafe ta gaba ɗaya ka sa a filash, ka kuma tura wani kwafin Google Drive, ba ta da nauyin da zai ci maka data. Duk ranar da za ka sake kai gyara, ka kwafe ta tun a ɗaki, don mai gyara hotuna da takardun makaranta kawai yake tambaya kafin ya yi fomat.